Gyaran da Tatay Ya Yi

Manila, watan Yuni

Zuwa ga yayata, Ate Minda,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da maigidan da yara. Ya ciwon bayan? Nan ruwa ake ta zubawa, amma lafiya lau muke.

Kin tambayi aiki. Yana nan yadda kika san shi: ina busa obo, algaitar nan ta Turawa, rabin kujerun zauren ba kowa. Tun da na bar babbar ƙungiyar makaɗa na koma sabon kiɗa, Tatay, mahaifinmu guda, kukan agwagwa yake kiran sana'ata. Na daina musu.

Maestro Lacsamana ya rasu, tsohon nan mai tsara kiɗa da ya rubuta mini waƙarsa ta ƙarshe. A Agusta za a yi taron tunawa da shi, ni zan busa ta, kuma ranar za a fara jin ta. Tsohuwar obo ɗina tana da 'yar tsaga a sama. In na danne wasu maɓallai na sassauta leɓe, sai murya biyu su fito tare, ɗaya a dishe. Maestro ya ce wannan dishewar yake nema tun yana saurayi, a kanta ya gina waƙar. Na gwada obo ɗin abokaina, babu mai yin ta.

Tatay ya zo zama wurina har likita ya gama da idonsa. Kin san shi, duk abin da ya gani a gidan sai ya gyara.

Ki gaida kowa.
Ƙanwarki, Amihan

Manila, watan Yuli

Ate Minda,

Ina gaisuwa. Ina fatan zazzaɓin autarki ya sauka.

Na je garin Baguio koyarwa da sabuwar obo, na bar tsohuwar a gida. Da na dawo na tarar da ita a kan tebur tana sheƙi, Tatay a gefe sai murmushi yake. Ashe ya kai ta wurin Mang Kulas, abokinsa da suka yi busa tare a badujalar garinmu, an liƙe tsagar. Wai abin kunya ne mabushi ya hau dandamali da fasasshen kaya. Mang Kulas kuwa ya iya aikinsa, ko alamar tsagar babu.

Na busa. Murya ɗaya, tas.

Tatay ya ce, "Yauwa, 'yata, yanzu ta zama kayan busa."

Na ce na gode. To me zan ce wa mutumin da ya ƙare ƙuruciyarsa yana busar rakiyar gawa da kayan aro?

Na sauya karan da ake sa wa a baki, na sassauta sukurori, dishewar ba ta dawo ba. Maestro bai taɓa yarda a naɗi sautin ba, don haka babu shi ko'ina. Abin ya yi mini zafi. Kada ki faɗa wa Tatay.

Taki, Amihan

Manila, watan Agusta

Ate Minda,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarku, an yi taro an gama.

Na busa waƙar. Inda ya kamata dishewar ta fito, na ba su murya ɗaya, doguwa. Aka tafa, ba wanda ya san an rasa wani abu, sai matar Maestro, don a falonta muke gwaji. Ta riƙe hannuna ta daɗe tana kallona.

Tatay ya zo, da farar rigarsa ta zuwa coci. Bai taɓa zuwa jin busata ba sai ranar. A motar haya, hanyar gida, da muka kusa sauka, sai ya ce, "Sauran dai ban gane ba. Amma wurin nan na tsakiya, mai murya ɗaya, ya shiga raina. Ashe tsohon ya iya kiɗa."

Ya ce lallai in rubuta miki cewa gyaran ya yi. Ga shi na rubuta.

Allah ya bar mu tare.
Ƙanwarki, Amihan