Ƙwallon Kawu Jibirin

Asabar, 3 ga Disamba, 2022

Gobe za mu tafi Madani, gasar ƙwallon kwando ta kwalejoji. Na wanke rigata mai lamba tara na shanya a dangar kakata Iya, akuyar maƙwabta ta zo ta ɗanɗani gefenta. Iya ta ce alheri ne. Komai akuya ta ci, wurin Iya alheri ne, in dai ba tsakinta ba ne.

Ta ce in kula da Kawu Jibirin, ta kuma ce masa ya kula da ni. Autanta ne, ƙanin mahaifiyata, bai girme ni da wani abin kirki ba, amma tun ina rarrafe aka koya mini cewa kawu ne. Kwano ɗaya muke ci, ban taɓa sa hannu kafin ya sa ba. Shi ne kyaftin ɗinmu, kuma bana ce shekararsa ta ƙarshe a kulliya, wato kwalejinmu. An ce wani mutum daga wani kulob na Hartum zai zo gasar neman ɗan wasa ɗaya. Ɗaya tak. In bai ɗauki Kawu ba, gonarmu ta bakin kogi na jiransa da garmarta. Na dai ga ya sayi sabuwar igiyar takalmi.

Da la'asar na bi ta wajen kwandonmu na unguwa, wanda aka kafe a jikin dogon yaro tun kafin in yi wayo. Rassan sun ƙara sauka. Duk ɗan Mai Wurno da ya koyi wasa a nan ya san ba a jefawa daga nesa, reshe zai kama ƙwallon ya riƙe har sai an samo gora. Sai dai ka sunkuya ka kutsa har gindin bishiya. Kawu ya fi kowa iyawa.

Lahadi, 4 ga Disamba

Hafila, wato bas, daga Sinnar zuwa Madani. Na samu taga. Gonakin alkama sun fara kore, ruwa kwance a magudanai, sama a cikinsa. Na riƙa ganin kamar in na sa hannu zan tsamo gajimare. Salih, abokina tun allo, ya yi barci a kafaɗata har da miyau.

Litinin, 5 ga Disamba

Mun ci yaran Dindir. Mutum da mutum suka tsare mu, kowa da nasa, wanda kuwa aka ba Kawu yau ya sha wahalar duniya. Kawu ya bi ta dama, ya bi ta hagu, sau ɗaya ma har ta tsakanin mutum biyu da suka tsaya suna kallon juna. Aikina kamar kullum: in karɓa, in duba inda Kawu yake, in ba shi.

Filin nan ba bishiya. Na ɗaga kai sai sama, fayau, har ta ba ni tsoro.

Talata, 6 ga Disamba

Managil sun yi mana wankin babban bargo.

Ba su bi kowa ba. Biyu suka tsaya gaba, uku baya, kowa ya tsare wurinsa, hannuwa a sama. Ustaz Kamal, mai horar da mu, ya ce sunan abin mandiga, wato tsaron yanki. Ni dai shinge na gani. Kawu ya kutsa, shingen ya rufe a kansa. Ya sake, aka ƙwace. Ya sake, ya faɗi ya kuje gwiwa. Mu kuma muna ta zagaya ƙwallo a waje, Salih ya ba Bilyaminu, Bilyaminu ya ba ni, ni in mayar, duk muna jiran Kawu ya sami hanya. Mu huɗu ’yan Mai Wurno ne a fili, kuma ba wanda ba ya ce masa kawu ko yaya. Wa zai jefa yana ciki yana miƙo hannu?

Sun bar mini kusurwa. Ko kallona ba su yi. Da na ga dama da na shimfiɗa tabarma na haɗa shayi a wurin. Ustaz yana ta ihu da Larabci in jefa, in jefa, har muryarsa ta dishe. Na yi kamar iska ce ke kwashe maganar.

Raina ya ɓaci ƙwarai, kuma ban san da wa ba.

Laraba, 7 ga Disamba

Ba wasa yau, sai atisaye. Ustaz ya ajiye kujeru biyar a fili, ya ce su ne ’yan Managil. Ya tsayar da ni a kusurwa ya ce in jefa. Na jefa, ta shiga. Ya ce in ƙara. Ta shiga. Kawu ba ya nan, ya je a duba masa gwiwa, shi ya sa hannuna ya saki.

Ustaz ya riƙe ƙugu ya tambaye ni me ya hana ni jiya. Na ce masa Kawu na ciki. Ya yi dariya, ya ɗauka wasa nake. Da ya ga ban yi dariya ba sai ya ce a fili babu kawu, akwai lamba huɗu da lamba tara. Salih ya sunkuya yana ɗaure takalmi ya ce da Hausa, don kada Ustaz ya ji: “Bar shi, wanga zol, mutumin ga, bai da kawu ne.”

Ustaz mutumin kirki ne, ɗan birnin Madani, amma bai taɓa cin tuwo gidanmu ba.

Ya tambayi inda na koyi jifa haka. Na ce ban koya ba. Gaskiya ce ai. Lodin kankana ne. Duk kaka in lori ta zo bakin kogi, ni ake tsayarwa ƙarshen layi in riƙa cilla wa na sama. Kankana ba a jefa ta da ƙarfi, sai ta fashe a hannun mutum. Ɗaga ta ake ta yi sama, ta ɗan tsaya kamar tana tunani, sannan ta sauka da kanta. Ban gaya masa wannan ba, kada ya sake dariya.

Alhamis, 8 ga Disamba

Na tashi da mafarki a kaina. Wai kogi ya shigo filin wasa, shiru, har gwiwa. ’Yan Managil biyar suna tsaye a cikin ruwa, sun zama itatuwa, tsuntsaye a hannuwansu. Kawu yana ta iyo tsakaninsu yana neman hanya. Ni ina cikin kwalekwale a kusurwa da kankana a cinya, ba wanda ya ce in jefa, ba wanda ya ce kada in jefa. Iya tana bakin gaɓa tana tankaɗe.

Bayan la'asar Kawu ya ce mu taka zuwa bakin kogi. Ruwan nan shi ne ya wuce ta bayan gidanmu, sai dai a nan ya fi faɗi, ya fi natsuwa. Muka sayi shayi muka zauna. Ya riƙa ba ni labarin filin Hartum da bai taɓa gani ba sai a waya: ƙasan katako ne, takalmi na kuka a kansa, fitilu a sama ko da rana. Yana magana yana kallon ruwa, fuskarsa kamar ta yaro. Tausayinsa ya kama ni.

Ya ce an tabbatar mutumin zai zo wasan Asabar. Ya ce ’yan Singa za mu kara da su, kuma sun zauna sun kalli abin da Managil suka yi mana, su ma shinge za su yi.

“Sau guda nika so in tsaga su, ɗana,” in ji shi. “Sau guda, gaban mutumin ga. Kai dai ka riƙa ba ni da wuri.”

Na ce to, Kawu.

Maganar kujerun jiya tana bakina har muka dawo masauki. Ban fito da ita ba.

Juma'a, 9 ga Disamba

Masallaci, dafaffen waken ful da burodi, kwanciya. In an ci mu gobe, sai hafila.

Asabar, 10 ga Disamba

Ban san ta inda zan fara ba.

Mutumin ya zo. Gajere ne ma, da farar jallabiya, yana cin gyaɗa. Na zaci mai neman dogaye dogo zai kasance.

Singa suka yi shingensu, biyu gaba, uku baya. Rabin farko kamar ranar Talata: Kawu yana kutsawa, ana rufe shi, muna zagaya ƙwallo kamar masu raba goro a wurin suna. Suka ba mu rata mai yawa. Na saci kallon mutumin, ya daina kallon fili, yana ɓare gyaɗarsa. A hutun rabi Ustaz bai yi faɗa ba. Ya dube ni kawai, ya dubi Kawu, ya sha ruwa.

Da aka dawo, Kawu ya sake shiga tsakiya, mutum uku suka yi masa rumfa. Ƙwallo ta kuɓuce masa, ta gangaro har kusurwata. Na ɗauka. Ya juyo, hannunsa a sama, na ji muryarsa sarai cikin duk hayaniyar nan:

“Maido, ɗana!”

Na ji. Ba zan ce ban ji ba.

Amma sai filin ya yi tsit a kunnena. Na ga kwando can sama kamar mutum a kan lori ya buɗe hannu yana jira. Babu reshe ko ɗaya. Hannuna ya ɗaga, ƙwallo ta tashi, ta ɗan tsaya, ta sauka. Ko ƙarfen ba ta taɓa ba, sai ragar ta yi motsi.

Ban kalli Kawu ba da muke komawa baya. Zagaye na gaba Salih ya karɓa, ya dubi Kawu, ya dube ni, ya rufe ido ya ba ni. Ta shiga. Ta sake shiga. Daga nan ban ƙara sanin lissafi ba. ’Yan Singa suka fara fitowa guje suna neman tare ni, shingen ya yage, hanya ta buɗe a tsakiya, hanyar da Kawu ya kwana biyar yana nema. Na ba shi, ya shiga ya zuba. Na sake ba shi, ya zuba har da juyi, irin na gindin dogon yaro. Ya yi kyau ƙwarai. Ya tsaga su, kamar yadda ya so. Sai dai lokacin mutane lamba tara suke kira.

Mun ci.

Bayan an tashi, Kawu ne ya miƙo mini gorar ruwa. Ya jira na sha.

“Tun yaushe ka iya wagga?”

“Tun kankana, Kawu.”

“Ba ka hwaɗi ba.”

Na sunkuyar da kai. Ya dafa keyata, ya ce tamam, ya yi kyau, ya wuce. Da ya zage ni da na fi jin daɗi.

Lahadi, 11 ga Disamba

Hannuna na dama yana ta zafi, irin zafin da ba ka son ya tafi.

Litinin, 12 ga Disamba

Managil kuma, wasan kusa da na ƙarshe. Yau sun sa mini mutum, wani siriri mai warin man zafi, ko numfashi bai bar ni na yi ba. Mun yi ƙoƙari. Sun fi mu, sun cinye mu da kaɗan. Kawu ya yi wasan da ban taɓa ganin ya yi irinsa ba, ya ba ni ƙwallo sau da yawa ba tare da na nema ba, kuma bai kira ni ɗana ba ko sau ɗaya. Tara yake cewa, kamar Ustaz.

Muna haɗa kaya mai gyaɗar ya zo. Kawu ya miƙe tsaye, ya gyara riga. Mutumin ya ba shi hannu, ya yaba masa, ya ce ma sha Allah, zuciya gare shi. Sannan ya waiwaya ya tambayi wane ne Mujtaba. Kawu ne ya nuna ni. Shi ne ma ya ba da lambar wayata. Mutumin ya ce in shirya in zo Hartum bayan ƙaramar sallah, su gwada ni.

Kawu ya ce masa, da Larabcinsa mai kyau, ni ɗan yayarsa ne, shi ya rene ni.

Talata, 13 ga Disamba

Hanyar gida. Kawu ya bar mini taga. Gonakin nan dai, ruwan nan dai, amma ban ga gajimare a ciki ba, ko ban duba ba. Ya yi barci, ko ya rufe ido. Sabuwar igiyar takalminsa ta yi baƙi.

Ba zan je ba. Na gaya wa kaina tun daga Madani har Sinnar. Me zan yi a Hartum? Wa zai tsaya ƙarshen layi ranar lodi?

Juma'a, 16 ga Disamba

Kawu ya fara fita gona tun jiya, da sassafe. Ya ce kankanar bana ta yi, lori za ta zo mako mai zuwa. Ba mu yi maganar Madani ba. Iya ta sani, Salih ya riga mu isowa da labari, amma ita ba abin da take yi sai addu'a.

Da hantsi na ɗauki adda na sare rassa biyu na dogon yaro, waɗanda suka fi sauka kan kwando. Don yara ne. Suna takura musu.

Na tambayi direban hafila awa nawa ne zuwa Hartum. Tambaya ce kawai.

Bayan masallaci Iya ta kawo mana tuwo da miyar kuɓewa, da ɗan nama a kai, wai na gajiya. Muka wanke hannu muka zauna kamar kullum. Ina ta tunanin ƙasan katako, yadda takalmi ke kuka a kansa, har ina jin ƙarar. Sai da na kai loma baki na lura gidan ya yi shiru. Iya tana tsaye da buta tana kallona. Hannun Kawu yana kan gwiwarsa, a jiƙe, bai taɓa kwano ba tukuna.

Na so in mayar, amma loma ba ta komawa.

Ya tura mini naman gabana da yatsa ɗaya.

“Ci, Mujtaba,” in ji shi. “Hanya da nisa.”

Na ci.