Yalon Baba a Kasuwar Isa

Daren Asabar, Isa

Barci ya ƙi zuwa. Yau Inna ta ce bakinta ɗaci, yalo take marmari, sai na tafi kasuwa. Tun da munka gudo daga Kamarawa ban taɓa sayen yalo ba. Mu da ke zuba ma awaki ragowa!

Wurin wani tsoho na gan shi, fari, ɗan dogo, mai zanen kore. Irin da marigayi Baba ya taho da shi daga Nijar ne, kuma duk garinmu lambunmu kaɗai ke da shi.

Na ce, "Baba, ina anka ɗebo wanga?"

Ya kau da kai. "Ɗiyata, kayan daji yanzu ba a tambaya."

Ashe ɓarayin dajin da sunka kore mu suna ci gaba da ban ruwa a lambunmu.

Na saya. Inna ta gatsa ɗaya, ta daɗe tana taunawa, sannan ta juya ga bango. Ta gane.

Na ɓoye wanda ya fi nuna. Gobe za ni fasa shi in shanya irin. Sai dai tsakar gidan ga da anka ba mu aro duk siminti ce.