Ko Teku Zai Dawo Mana da Baba

Granville, Sydney

Zuwa ga yayata Kalolaine,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu, wanda ya mutu, aka binne shi, ya kuma tashi da jikinsa. Kin ga na rubuta shi cikakke ban rage komai ba, in kin karanta zuwa ƙasa za ki san dalili. Ina fata kina lafiya, ke da maigidanki Mosese da yara da jikoki da duk mutanen tsibirinmu Vava'u. Allah ya sa gwiwar nan taki ta sassauta miki, ya kiyaye ku daga guguwar bana, ya sa gonar doya ta yi albarka. Mu nan da sauƙi. Maigidana Sekope yana ta fama da tuƙin motarsa, ciwon baya kuwa ba ya barinsa, yara suna makaranta. Ƙunshin ganyen gwaza da kika aiko ta hannun 'yar garinmu Luseane bai wuce filin jirgi ba, ma'aikata sun karɓe kamar yadda na sha gaya miki, amma mun gode. Ita ce za ta kawo miki wannan takarda. Da gangan na ƙi kiranki a waya, don na san kaina, in na fara sai ihu, ke kuma sai kuka, a tashi ba a ce komai ba.

Jikin Mama dai babu daɗi, Yaya. Likita ya sallamo ta gida, ya ce a bar ta cikin 'ya'yanta, kin kuwa san abin da wannan yake nufi. Ba ta iya tashi, sai mun juya ta. Amma ba ciwon ne ya sa na zauna rubutu ba. Ciwo kam mun karɓa, ita ma ta karɓa, har waƙoƙin da za a yi mata ta zaɓa da bakinta tana dariya, tana cewa kada a bar Sekope ya ja baki don muryarsa kamar ta akuya. Haka take cikin kwanciyar hankali har ranar da ɗanki Peni ya zo duba ta. Maganarsa ce zan yi miki, kuma ba zan shafa mata mai ba.

Ke kika kawo mini Peni yana ɗan sakandare, kika ce in riƙe shi kamar nawa, na kuwa riƙe. Da ya shiga makarantar koyon aikin fasto, kowa a dangi ya ɗaga kai. Mama da idonta da ba ya gani sosai ta zauna ta saƙa masa tabarmar ɗaurawa a ƙugu irin ta al'adarmu, wadda zai sa ranar da za a naɗa shi. To, ranar ba ta zo ba, ba kuma za ta zo ba. Na daɗe ina ɓoye miki. Yaron ya gama karatu ya ƙi naɗin, ya haɗa kai da wasu abokansa Turawa suka kama wani tsohon shagon kujeru a unguwar Newtown, wai nan ce ikkilisiyarsu. Ba ya ma son a ce mata coci, wai taro ne na masu tambaya.

Na je sau ɗaya don kada a ce ban gani da idona ba. Na yi shigar Lahadi, baƙar riga da tabarmata a ƙugu, na tarar da mutane a baje kan kujerun falo da gajeren wando, kowa da kofin kofi, har da kare a kwance a tsakiya. Babu mumbari, babu mawaƙa, babu mai wa'azi. Peni ya zauna a ƙasa ya ce kowa ya faɗi wane ne Yesu a wurinsa a wannan makon. Wata mai zobe a hanci ta ce nata Yesun ɗan gudun hijira ne da aka tsare a kan iyaka. Wani mai gemu ya ce nasa malami ne da ya tsaya wa talakawa har hukuma ta kashe shi, sauran kuwa mabiyansa ne suka ƙara daga baya. Wata dattijuwa, sa'armu fa, ta ce ita Yesu tambaya ne gare ta ba amsa ba, duk suka gyaɗa kai suna lumshe ido kamar ta kawo wani abin kirki. Da aka zo kaina na ce nawa shi ne Ɗan Allah Mai Ceto, ba shi da na wannan mako da na makon jiya. Sai suka tafa mini! Mai gemun ya ce labarina yana da kyau ƙwarai, wai ko na taɓa tunanin cewa Turawan mishan ne suka kawo wa tsibiranmu wannan Yesun tare da tutarsu. Na ce masa su ma kakanninsa wani ne ya kai musu, ko a Landan aka haife shi? Daga nan aka zagaya da burodi da ruwan inabi a kofin shayi, Peni yana cewa kowa ya ci da ma'anar da ya ga dama. Ban taɓa ba. Ba zan yi musu ƙarya ba, suna dafa wa marasa gida abinci, na ga tukwanen. Amma ai mu ma muna dafawa, ba mu kuwa sauke Ubangiji daga kursiyinsa kafin mu ɗora tukunya ba.

Duk wannan na haɗiye, na ce ƙuruciya ce da yawan littattafai. Mama ba ta sani ba, a wurinta Peni fasto ne da ake jiran naɗinsa. Shi ya sa da jikin ya yi tsanani ta ce a kira mata shi. Ranar Lahadi bayan an taso coci ne, ɗakin cike da matan ƙungiyarmu ta coci sun zo yi mata waƙa. Ya shigo, ya durƙusa ya riƙe hannunta, ba zan hana shi wannan ba, yana sonta. Sai ta ce masa tana da tambaya ɗaya, kuma shi take so ya amsa don shi ne ya yi karatun Littafi Mai Tsarki a gidanmu. Ta ce tun ranar da kwalekwalen Baba ya fita kamun kifi bai dawo ba, abu ɗaya ne ya riƙe ta, cewa tun da Yesu ya tashi da jikinsa, ran ƙarshe teku ma zai mayar da waɗanda ya ci. Ta ce yanzu da tafiya ta matso, wani lokaci tsoro yana kama ta, don mutumin da kifi ya cinye, ina za a tattaro shi? Ta ce ya gaya mata da bakinsa, Yesu ya fito daga kabarin nan da gaske, kuma za ta ga mijinta?

Yaya, yaron goye ma ya san amsar wannan. Amma ɗanki ya sunkuyar da kai, sannan ya fara zuba. Ya ce mata Kaka, ba wanda ya san abin da ya faru a kabarin nan da safiyar nan, waɗanda suka rubuta ma ba su faɗa iri ɗaya ba, kuma ba nan ne muhimmancin yake ba. Wai tashin Yesu abu ne da yake faruwa kullum, duk inda aka ƙi barin mutuwa ta yi maganar ƙarshe. Da ya tsaya nan ma da sauƙi. Sai ya kawo misali da kabarin Baba. Kin san tudun yashin da muka tara masa a maƙabartar ƙauye ba gawa a ciki, wanda Mama ta yi shekara da shekaru tana sharewa tana lulluɓa masa bargon da ta ɗinka. Wai ta duba, ba kowa a ciki, amma ai can take zuwa ta same shi, don Baba yana raye a cikin labarinsa da take ba mu. Haka Yesu yake raye a cikin masu ba da labarinsa.

Mama ta daɗe tana kallonsa, sannan ta zare hannunta daga nasa. Ta ce to in a bakinta yake raye, ran da aka rufe bakin nan fa, sai ya sake nutsewa ke nan? Ta ce ita ba ta taɓa zuwa tudun nan don ta same shi ba, ta san ba ya ciki, wurin kwanciya take gyara masa kafin ya dawo. Daga nan ta ce a juya ta ta fuskanci bango. Ni kuwa na kama Peni a wuyan riga na fitar da shi har bakin titi, matan coci suna ba ni haƙuri, ban ma ji su ba. Na ce masa mara kunya, mara tausayi, tsohuwa tana bakin kabari ka zo ka gwada mata karatunka. Na ce kada ya sake taka mini gida.

Bayan kwana biyu na sauke fushina na bi shi har shagon nasu, ba don shi ba, don Mama. Na ce ba na neman ya canja ra'ayinsa, ya riƙe kayansa, ya zo kawai ya ce mata i, ya tashi, za ki gan shi. Kin san abin da ya ce? Yana kuka fa, hawaye shaɓe-shaɓe. Wai Inna Lesi, kamar yadda yake kirana, ba zan iya yi wa Kaka ƙarya a kan gadon mutuwarta ba, ban ce bai tashi ba, cewa na yi ban sani ba. Na ce yau kuma gaskiya ta zama guda ɗaya? Ba kai ne kake koya wa mutane kowa da tasa ba? Me ya sa ta kakarka ce kaɗai ba za ka iya faɗa ba? Sai cewa yake zai zo ya zauna kusa da ita ko da shiru ne. Na ce shirunsa ya riƙe, muna da shi da yawa a gidan yanzu.

Tun ranar Mama ta daina waƙa. Abinci sai mun yi da gaske take karɓar cokali biyu. Fasto Manase ya zo ya karanta mata wurin da aka ce teku ya ba da matattun da ke cikinsa, ya ba ta burodi da ruwan inabi na Jibin Ubangiji, ta karɓa don ladabi, amma na ga idonta. Duk wanda ya shigo sai ta yi masa tambayar nan, har ma'aikaciyar jinyar da ke zuwa yi mata allura, baiwar Allah 'yar Nepal da ba Kirista ba ce ma, ta tsaya tana kallona. Matar da ta koya mana addu'a tun ba mu iya ɗaura zani ba, yau ita ce take roƙon baƙi su tabbatar mata.

Don haka ga abin da nake so, kuma ba roƙo nake ba. Ke kika haife shi, muryarki yake tsoro. Ran da takardar nan ta same ki, ki kira shi, ki sa shi ya zo ya faɗa mata, ko ya gaskata ko bai gaskata ba, wannan tsakaninsa da Allah. In kin tsaya lallashi irin naki, to, ki sani lokaci ba ya jiranmu. In kuma Mama ta tafi a haka, ba zai tsaya a gaban gawarta ya buɗe baki ba muddin ina numfashi, kuma kada ki ce ban gaya miki ba.

Ki gaishe mini da Mosese, da Kawu Semisi, da Gwaggo Fololeni, ki ce mata ina nan ina tunawa da ita. Ki gaishe da Siale da matarsa da jaririyarsu. Sekope da yara suna gaishe ku. Mama ba ta aiko da gaisuwa ba, ba zan ƙirƙira miki ba. Da safen nan ina goge mata jiki ta kama hannuna, ni ma ta tambaye ni. Na ce mata Mama, ya tashi, na rantse miki ya tashi, kuma Baba zai fito daga ruwan nan da ƙafafunsa. Ta shafa kaina ta ce Allah ya yi mini albarka, ni yarinyar kirki ce, amma ai ni ban yi karatun ba, Peni ne ya yi.

Ki kira ɗanki, Yaya.

Ƙanwarki,
Lesieli