Harafin da Ta Kai

Yammedi, Karaye,
Yuli, 1991.

Zuwa ga Yaya Barau,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da matarka Rabi'atu, da aikin koyarwa a Jajaye. Mu nan lafiya lau, damina ta zauna, shanu sun fara murmurewa.

Yarinyar da kake riƙo ta zo mana babbar sallah ta koma. Na gode da rigar da ka ɗinka mata, sai dai ta yi mata yawa, ko kuwa ita ce ta rame.

Ranar da ka roƙi a ba ka ita ban ce uffan ba. 'Yar fari ce, ka kuwa san al'adarmu ta Fulani: ko sunanta ba na kira, ban taɓa goya ta a gaban mutane ba, balle in buɗe baki in hana ɗan'uwana ita. Ka ce za ka mai da ita mutum. Ashe rediyo za ka mai da ita.

Tun da ta zo take ƙunƙuni a gindin tsamiya. Goggo ta ɗauka karatun allo ne, har tana sa mata albarka. Ashe ƙamus ɗinka na Turanci ka sa ta haddacewa harafi-harafi, kowace kalma da ma'anarta, wai don gasar makarantu. Tana harafi na biyu. Goggo ta sa ta fassara, sai ta jero mana: gado, tsuntsu, burodi, jini, ƙashi, ɗan'uwa, bugu. Wai duk da harafi ɗaya suke farawa. Da ta zo kan bugu sai ta cusa hannu cikin zane. Wajen wanke-wanke na ga tafin hannun. Kowace ma'ana ta manta, bulala ɗaya. Ga Goggo ta faɗi wannan, ni ba ta ko iya kallon idona.

Yaya, ko ɗan maraƙi ba a yi masa wannan horo. Raina ya ɓaci, kuma gara ka sani. Ka sassauta mata.

Ka gaida mutanen gida.

Ƙanwarka,
Lauratu.

Yammedi,
Janairu, 1992.

Yaya Barau,

Ina gaisuwa, da fatan kuna lafiya kamar yadda muke, ban da Goggo.

Na sami amsarka. Ka ce ajin yaƙi da jahilci da na yi bai isa in sa baki a harkar ilimi ba. To, ya dai isa in karanta zaginka ba tare da na nemi mai karanta mini ba. Ka kuma ce yarinyar da kai take kama wajen ƙwaƙwalwa. Allah ya sa a nan kamar ta tsaya.

Goggo tana kwance, ƙirji ya kama ta, ko kunu ba ya wucewa sosai. Ita ta raine mu ni da kai bayan rasuwar Inna, ita kuma ta goyi yarinyar nan tunda ni kunya ta hana ni. Kullum sai ta sa a ajiye kindirmo a 'yar ƙwarya, wai ko za ta shigo. Na aiko Sulle ƙanen maigida da keke ya ɗauko ta, ka koro shi. Ka ce gasa ta matso, in ta kwana cikin shanu kalmomin za su zube. Me ka ɗura mata haka da warin shanu zai zubar?

Tani mai tallar nono ta gan ta a bakin rijiya a garinku. Ta yi mata Fillanci, yarinya ta waiga ta ga ko kana kusa, sannan ta amsa da Hausa, murya ƙasa-ƙasa. Tani ta tambaye ta karatu, ta ce yanzu tana harafin da ke da gida, da hannu, da zuciya, da yunwa. Tani ta ba ta fura, ta shanye a tsaye.

Ba don ni ba, don Goggo. Ka turo ta ko da wuni ɗaya ne. In ka ƙi, kai da Allah.

Lauratu.

Yammedi,
Maris, 1992.

Malam Barau,

Na gaishe ka don addini ya ce a yi. Lafiyarka kuwa na gani da idona ranar addu'ar ukun Goggo, har da sabon tabarau.

Ka zo kai kaɗai. Ka zauna a kan tabarmar makoki kana ba mutane labarin yadda 'yarka ta kayar da makarantu a Rogo, yadda aka ba ta harafi ta zuba kalmomi har alƙalan gasa suka ce ya isa. Kyautar da ta ciwo ma ka nuna: wani ƙamus ne, ya fi na farko kauri, ka ce da shi za ta ci ta Kano. Ina daga ɗaki ina jin ka. 'Yar ƙwaryar Goggo tana gabana, kindirmon ya yi tsami, ba wanda ya iya zubarwa.

Ba ka ma gaya mata an yi rasuwa ba har aka gama gasa. A bakin Tani ta ji. Tani ta ce ba ta yi kuka ba, sai dai ta ce a gaya mini ta kai harafin da ke da kasuwa, da wata, da madara, da uwa. Saƙonta na farko ke nan gare ni tun da ka ɗauke ta, kuma da abin da ka bar mata a baki ta aiko shi.

Maigida ya ce in yi haƙuri, ba a taɓa jin uwa ta je ƙwato 'yar fari ba, za a yi da ni a rugage har Ruwan Bago. A yi. Kunyar nan na riƙe ta kamar yadda aka koya mini, ga abin da ta saya mini.

Ranar kasuwar Rogo mai zuwa zan shigo motar farko. Ka haɗa wa Ruƙayyatu kayanta. E, na rubuta sunan, jiya ma na kira shi da ƙarfi a tsakar gida, surukata tana ji. Makaranta akwai a Yammedi, za ta ci gaba. Ƙamus ɗin duka biyu ka riƙe, su ne naka.

Ka gaida Rabi'atu, ita ba ta yi mini komai ba.

Ni ce,
Lauratu, uwar Ruƙayyatu.