Jirgina a cikin kwata

Garwa, daren Juma'a.

Sau uku na wanke hannu da sabulu, har yanzu warin kwata nake ji. Tir!

Wata huɗu ina haɗa jirgin nan maras matuƙi da bututun roba da ƙananan injuna huɗu. Mai gyaran rediyo na unguwar Rumde Ajiya ya ce in ɗaure injunan da noti. Ni gwani, sai na manna su da gam. Na bar shi a tsakar gida na tafi masallaci, kamar ban san ranar Garwa ba.

Bayan sallah Baffa ya fito da kujerarsa don ya ga gwajin jirgin. Alkawarinmu, in jirgin ya tashi lafiya, zai sake ni daga shagonsa na atamfa in koyi aikin lantarki. Ya tashi kuwa, har ya tsallake katanga. Ashe rana ta narkar da gam ɗin. Inji ɗaya ya ɓalle, jirgin ya kifa cikin kwatar ƙofar gida.

Da ma faɗa Baffa ya yi. Cewa kawai ya yi, "Ka yi wanka sosai, ɗana. Atamfa ba ta son wari."

Ga makullin shago nan ya ajiye mini a kan tabarma.