Rasuwar Hajiya Adawiyya, Mai Rakiyar 'Ya'yan Mutane

Cikin alhini da miƙa wuya ga hukuncin Allah Maɗaukakin Sarki, shugabanni da 'yan wasa da iyayen yara na Ƙungiyar Ƙwallon Ƙafa ta Mata ta Kainuwa da ke Daura sun samu labarin rasuwar uwar ƙungiya kuma wadda ta kafa ta, Hajiya Adawiyya Anwar, tsohuwar malamar motsa jiki, wadda Allah Ya yi wa cikawa da hantsin ranar Talata bayan jinyar kwana huɗu, tana da shekara sittin da ɗaya, aka kuma yi mata sutura bayan sallar la'asar kamar yadda addini ya tanada. Ta bar maigidanta, Alhaji Saminu Usman, da 'ya'ya biyar da jikoki, ta kuma bar mana 'yan mata ashirin da shida waɗanda tun ranar babu wadda ta iya ɗaura takalmin wasa.

Waɗanda suka san marigayiya daga nesa suna cewa ita ce mai horar da yaranmu. Ta horar, amma babban aikinta shi ne shiga zaure. A ƙasar nan tamu babu uban da zai bar 'yarsa ta sa dogon wando ta bi ƙwallo, balle ta hau mota zuwa Katsina ko Kano, don kawai an aiko masa da takarda, kuma marigayiya ta san haka tun da ita ma 'yar wani ce. Shekara goma sha huɗu tana hawa bayan babur, daga Sandamu zuwa Baure, daga Zango zuwa Mai'aduwa, ta tuɓe takalmi a ƙofar zaure, ta durƙusa gaban maigidan da sau da yawa ta girme shi, ta roƙi aron 'yarsa. Wani gidan sai ta je sau biyar. Idan uba ya yarda, ba ƙungiya yake ba wa ba, ita yake ba wa, da bakinsa, gaban shaidu. Ranar dawowa kuwa, ko kofi aka ciyo ko kashi aka sha, babu yarinyar da za ta sauka a tasha ta kama hanyar gida ita kaɗai. Hajiya ce za ta riƙo hannunta har zauren da ta karɓe ta, ta shaida wa uban ga amanarsa, sai ya amsa sannan yarinya ta shiga wurin uwarta.

Wannan wahala ce ta haifi abin da kowa ke bugun ƙirji da shi yau. Makonni uku da suka wuce aka gayyaci biyu daga cikin yaranmu zuwa sansanin horo a Abuja, inda za a tace waɗanda za su wakilci ƙasa a wasannin share fage na shiyyar Afirka ta Yamma, wato matakin da sai an tsallake shi ake zuwa gasar nahiya. Su ne Khairunnisa, 'yar gaba, ɗiyar Alhaji Zailani dillalin shanu a Zango, da Fadila, mai tsaron raga, ɗiyar Malam Dabo manomi a Sandamu. Iyayen biyu sun amince da sharaɗi guda, cewa Hajiya za ta tafi da su ta kuma zauna da su har a gama. Sansani zai buɗe Litinin mai zuwa, kuma wadda ba ta amsa sunanta ranar ba, a take za a cike gurbinta.

A nan ya zama wajibi ƙungiya ta jinjina wa masu girma mambobin Kwamitin Masu Ruwa da Tsaki kan Raya Wasanni na yankin nan, Alhazai, daktocin girmamawa, jakadun zaman lafiya, da masu sarautun da ba mu ji kiɗan naɗinsu ba, bisa yadda suka cika rumfar makoki tun safiyar Laraba, kowa da babbar rigarsa da mai ɗaukar masa hoto. Mun ji daɗin ganin fuskokinsu, domin a shekara goma sha huɗu ba mu taɓa ganin ko ɗaya a bakin filinmu ba, sai ranar da suka zo korarmu don a kafa rumfunan taro. A cikinsu akwai wanda ya taɓa cewa a bainar jama'a marigayiya ba ta da aiki sai tara 'ya'yan mutane suna tsalle a rana, ga shi yanzu yana share hawaye da gefen hula. Wani kuma mun ji shi yana shaida wa 'yan jarida cewa shi ya gano baiwar Fadila, alhali da ta durƙusa gaishe shi a rumfar sai da ya tambayi na kusa da shi 'yar gidan wa ce. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Da abin ya tsaya a hoto da mun haɗiye. Amma tun ba a yi addu'ar uku ba, kwamitin ya zauna ya naɗa mai rakiya a madadin marigayiya, wato uwargidan ɗaya daga cikin mambobi, baiwar Allah da ba ta san ƙofar filinmu ba, wadda muka ji har ta kai ɗinki saboda hawan jirgi. Sannan suka buga takardu, suka danna musu hatimi, suka ba ɗan acaba ya kai wa iyayen su dangwala hannu. Mutanen da aka haifa a garin nan, aka yi musu kaciya a garin nan, suka aurar da 'ya'ya a garin nan, su ne suka aika neman 'yar mutum kamar masu aiken cefane. Daga Daura zuwa Zango ko Sandamu ba tafiyar da za ta yamutsa gugar riga ba ce, amma durƙuso a zauren talaka ya fi ƙarfin gwiwoyinsu. Takardun sun dawo yadda suka tafi, ko buɗe su ba a yi ba, kuma iyayen biyu suka aiko mana cewa sun janye. Saboda haka ƙungiya na sanar da jama'a cewa ba ta da hannu a wannan naɗi, ba ta kuma buƙatar kofin tunawa da kwamitin ya ce zai sa wa sunan marigayiya. Su riƙe abinsu.

Jiya Alhamis ni da Alhaji Saminu muka bar zaman makoki muka je gidajen biyu da ƙafarmu, muka ba da haƙuri a kan laifin da ba mu muka yi ba. Alhaji Zailani ya huce, ya ce zai bar wa ƙanensa shanun kasuwar makon nan, ya kai Khairunnisa Abuja da kansa ya zauna da ita, Allah Ya saka masa da alheri. Malam Dabo ya shimfiɗa mana tabarma, ya ba mu ruwa, ya yi wa marigayiya addu'a. Gyaɗarsa na ƙasa, ba shi da mai cire masa, ba zai iya tafiya ba. Ya ce Hajiya ya ba wa, Hajiya kuwa ta tafi, amma idan akwai wata mace guda a duk ƙasar Daura da ya sani, wadda za ta riƙo hannun 'yarsa ta dawo masa da ita wannan zaure, mu faɗi sunanta ya ba ta yanzu. Muka dubi juna, muka dubi tabarma. Wallahi mun ji kunya, domin mu ma da ke cikin ƙungiya mun bar wa tsohuwa ɗaya wannan kaya shekara goma sha huɗu. Fadila ba za ta je ba, kuma ba mu ga laifin mahaifinta ba.

Muna roƙon Allah Ya gafarta wa Hajiya Adawiyya, Ya haskaka makwancinta, Ya sa Aljannar Firdausi ce makomarta, Ya karɓi kowane taku da ta yi zuwa ƙofar gidan wani a matsayin ibada. Allah Ya ba maigidanta Alhaji Saminu Usman da 'ya'yanta da jikokinta da dukkan dangi juriyar wannan babban rashi, mu kuma Ya sa mu cika da imani idan tamu ta zo. Ya kuma ba Fadila haƙuri mai yawa, domin ita rashi biyu ta yi a mako ɗaya.

Sa hannu:
Malam Sabiru Maijidda Zango
Mai magana da yawun Ƙungiyar Ƙwallon Ƙafa ta Mata ta Kainuwa, Daura