Kawu Namadi Ya Sallama Ni

Gummi, ranar Asabar

Zuwa ga Yaya Shamsiyya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidanki da yara. Ya ƙafar Inna? Ina fatan ta samu sauƙi tunda ta dawo wurinki a Anka. Na rubuto ne don sabis ɗin waya a nan ba ya barin mutum ya kai ƙarshen magana, ni kuwa maganata da tsawo, kuma raina a ɓace yake.

Kin san aiki biyu suka fito mini bayan bautar ƙasa: koyarwa a makarantar kuɗi can kusa da ku, da kuma kamfanin maganin dabbobi na Alhaji Mas'ud a nan Gummi. Na fi son na Alhaji don fannin dabbobi na karanta. Na tambayi abokai abin da ake biyan irina, na shirya bakina tsaf.

Sai Kawu Namadi ya ce ba a zuwa gaban babba kai kaɗai, zai raka ni. Har murna na yi, Yaya. Dillali ne fa a kara, mutumin da zai wuni yana rantsuwa a kan tunkiya mai tari har sai an ƙara. Suka shige ciki su biyu, suka bar ni a benci. Da aka kira ni, Alhaji ya faɗi albashin da da ƙyar ya wuce rabin abin da na sa rai. Kafin in buɗe baki Kawu ya ce an sallama, Allah ya sa albarka, suka yi musafaha. Ko bunsuru yakan bari a taya sau biyu, amma ni da digirina tayi ɗaya aka yi.

A hanya na yi masa magana, ya ce in je in ci abinci. Wallahi ban taɓa jin haushi irin na ranar ba.

Ki gaida kowa.

Ƙaninki,
Bilyaminu

Gummi, ranar Laraba

Yaya Shamsiyya,

Sallama da gaisuwa. Ya yara, ya jikin Inna? Direban da kika ba saƙo ya kawo mini amsarki da dakuwar, na gode. Amma haƙurin da kika ba ni ban karɓa ba. Kin ce maganar Kawu ta riga ta fita, warware ta abin kunya ne. Kunyar ce za ta biya mini haya? Shi ya yi zaman aji, ko shi zai yi aikin?

Na koma wurin Alhaji ni kaɗai. Na faɗa masa abin da na iya, na faɗi abin da nake so a biya ni. Ya tambaya ko Kawu ya san na zo, na ce ni ne mai neman aikin. Sai ya ce in haka nake so, akwai albashin da ya kusa ninka na farko, har da babur. Nan take na sa hannu. Ashe kuɗin na nan, Kawu ya tashi ya bar su a kan tebur!

Na aika wa makarantar can cewa ba zan zo ba. Kawu kuwa da labari ya kai masa, tuwonsa bai ci ba. An ce a kara ana ta yi masa tsiya wai ɗan ƙanwarsa ya tayar da cinikin da ya ɗaure. Na ji ba daɗi, amma ban yi nadama ba.

A gaida maigida.

Naki,
Bilyaminu

Gummi, ranar Litinin

Yayata,

Ina gaisuwa, da fatan kun tashi lafiya. Wannan ki karanta ke kaɗai.

Yau na fara aiki. Aka miƙo mini makullin babur da kular allurar shanu, aka ce rugagen gefen Gwashi ne nawa. Kin san hanyar, kin san halin da ake ciki. Wanda ya riƙe aikin kafin ni 'yan bindiga suka tare shi, sai da danginsa suka sayar da gona kafin ya dawo. Babban albashin na mai shiga daji ne. Ƙaramin na mai zama a shago ne cikin gari, kuma shi Kawu ya roƙa mini lokacin da suka bar ni a benci.

Haushi ya ishe ni, ban ma san wa zan fara da shi ba. Alhaji ya ga ban sani ba, ya bar ni na sa hannu bai ce uffan ba, kuma ya riga ya ba wani gurbin shagon. Makarantar ma ta ɗauki malami. Kawu kuma me ya hana shi buɗe baki ya yi mini bayani, sai ka ce da ɗan yaye yake tafe? Na je na tambaye shi. Ya ce da ya faɗa mini akwai mai tsoka, da shi zan zaɓa ko da hanyar ta fi haka muni. Abin da ya fi ƙona mini rai, gaskiya ya faɗa.

Bai yi mini faɗa ba. Tun safe yake bin Fulanin da ya sani a kara, yana tambayar wace hanya ake bi, yana faɗa musu kamannina da launin babur ɗin. Jibi zan fita, in Allah ya yarda.

Ki sa ni a addu'a. In Inna ta tambaya, ki ce mata an ƙara mini albashi, ba ƙarya kika yi ba. Sauran kada ki faɗa mata.

Ƙaninki mai ƙaunarki,
Bilyaminu